Gaisuwar Tsohuwar Malam

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Malam a Gyaɗi-Gyaɗi. Malamin firamare ne, mutumin kudancin Kano can wajen duwatsu, daga wata ƙaramar ƙabila da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Da mahaifinsa ya rasu sai ya ɗauko tsohuwarsa. Hausarta ba ta wuce ta sayen gishiri ba, amma mun shaƙu. Tare muke ɓarar gyaɗa, ita da yarenta, ni da nawa.

Malam yana da wata al'ada a aji. Kowace safiya yaro ɗaya zai tashi ya koya wa sauran yadda ake gaida babba a gidansu. Da haka 'ya'yana suka iya gaisuwar Fulani da ta Barebari da ta mutanen Jos. In layi ya zagayo kansa, shi ma ya koya musu ta ƙabilarsu.

Da soja suka ce za su sauka, unguwa ta matsa masa ya fito kansila. Sai manyan jam'iyya suka ce ya mai da tsohuwa ƙauye har a gama zaɓe, don 'yan hamayya sun fara cewa baƙo ne, a je a ji bakin uwarsa. A ƙauyen kuwa ba ta da mai kula da ita. Tsohuwa ta gane abin da ake ciki. Na iske ta tana ƙulle kayanta a zane.

Ran taron neman zaɓe a Tarauni Malam ya leƙo ya ce mini, "Inna, rako mini ita."

Aka ba mu benci a gaba. Wani daga baya ya ce, "Malam, a miƙa wa tsohuwa lasifika mana, ta yi mana jawabi." Aka yi dariya.

Sai wani ɗan acaɓa, tsohon ɗalibinsa, ya kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta da yarenta. Bai faɗa daidai ba, har ta gyara masa. Tela ya biyo baya, sai mai shayi, sai babban ɗana, duk tsofaffin ɗalibansa. Tana amsawa tana tambayarsu mutanen gida, su kuwa iyakarsu gaisuwar, sai gyaɗa kai. Dariyar ta mutu. Da muka koma ta kwance ƙullinta.

Malam ya ci kansila, daga baya ya je majalisar jiha. Zango ɗaya ya yi aka kayar da shi, yanzu yana zaman fansho a Darmanawa. Tsohuwa a ɗakinta ta cika, Allah ya ji ƙanta. Ɗan acaɓan nan Adaidaita yake ja. Mai tsokanar, shi ya koma riƙe wa Malam jaka. A makarantar an daina gaisuwar. Ni kuma ga ni, ɗana yakan yi mini ita in ya zo, ina amsawa yadda na ji tana amsawa.