Na ɗauka maganina ne ya ƙara wa ƙanena hannu

A lokacin da wannan abu ya faru, ni mahauci ne mai teburin nama a kasuwar Anka, kuma ni ne babba a gida tun rasuwar mahaifinmu. Gidanmu gidan dambe ne, kamar yawancin gidajen fawa. Ni ma na gwada ina saurayi, amma da na sha ƙasa na ƙara sha, sai na gane bakina ya fi hannuna ƙarfi. Na koma mai naɗa wa ƙanena zare, wato igiyar da ake naɗe hannun bugu da ita har ya dunƙule kamar kan taɓarya. Ƙanen nan nawa ɗan dambe ne matsakaici. Yau ya kai wani ƙasa, gobe a kai shi.

Cikin kayan da mahaifinmu ya bari akwai wani ƙullin garin magani a tsohuwar jakar fata. Ban tambayi kowa na mene ne ba. Na yanke wa kaina cewa maganin dambe ne, na riƙa dama wa ƙanena a kunu kowace safiya. Da ya kusa ƙarewa na shinshina, na gane sassaƙen da ke ciki, na ci gaba da haɗawa. Bayan 'yan shekaru sai na lura zaren da na saba naɗa masa ya daina isa. Na ƙara tsawo, kaka ta zagayo, ya sake gazawa. Takalminsa ya matse shi, hular da ya yi angwanci da ita ta koma zama a tsakiyar kai kamar murfin kwano. Haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka yi wushirya, muryarsa ta yi kauri. Mutum ne mai mata da ɗiya, ya daɗe da wuce shekarun girma, amma ni ban ga komai ba sai aikin magani.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shekarun nan. In ƙanena ya shiga fili ya ɗaga hannun nan, wasu 'yan damben tun daga nesa suke tuna cewa suna da uzuri a gida. Masu kalangu suka fara sa ni a kirari, ni da ban taɓa kayar da ko ɗan akuya ba. Mutane daga Bukkuyum da Gwashi suna zuwa da goro suna roƙon in ɗan tsakura musu, ni kuwa in gyara zama in ce sirrin gida ne. A cikin gida kuma ƙanena yana kukan ciwon kai da ba ya jin magani, ga zufa ko da sanyi, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Matarsa ta kawo mini ƙarar munsharinsa, ta ce har kajin maƙwabta sun ƙaura. Na yi dariya na ce ta yi haƙuri, haka zaki yake barci.

Sai ga shekarun da gubar dalma ta addabi yara a Yargalma da Sunke, ma'aikatan lafiya suka yawaita a yankinmu. Wani likita daga cikinsu, Bahaushe mai sanyin magana, yakan zo sayen nama wurinmu. Ran nan ƙanena ya miƙa masa ƙunshi, sai likitan ya bar naman ya riƙe hannun yana jujjuyawa. Ya tambaye shi ko haka aka haife shi, ko yana da tsohon hotonsa, ko kuma yana ganin abin da ke gefensa ba tare da ya juya kai ba. Ya ce yana zargin wani ɗan ƙari a cikin kai, ya kamata a duba da wuri saboda ido. Ni kuwa na tare maganar. Na ce wa likita Allah ya ba shi ladan yaran da yake ceto, amma dambe ya bar wa masu shi, na ƙara masa tsokar hanta na sallame shi. Bayan ya tafi ƙanena ya ce mini, yaya, ko dai mu je ɗin, don kwanan nan ina yawan karo da bakin ƙofa. Na ce ƙofar ce ta yi masa ƙanƙanta, mu bari a gama damben kaka. A gidanmu ƙane ba ya musu da yaya, ya yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi damuna har yau.

A Gummi asirina ya tonu. Da la'asar aka haɗa ƙanena da wani siririn ɗan dambe wanda ko rabinsa bai kai ba, har 'yan kallo suna cewa a tausaya wa uwar wannan. Ashe mutumin ya daɗe yana lura da shi. Bai tsaya gabansa ba, sai ya riƙa zagayawa ta gefe. Ina tsaye ina kallo, ƙanena yana waige yana neman mutumin da ke dab da kafaɗarsa. Bugu ɗaya ta hagu, sai ga shi a ƙasa. Da na je ɗaga shi ya ce mini wallahi bai ga hannun ba, bai ma ga mutumin ba.

Muna isa gida Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka kira ni. Na fara kare kaina da cewa maganin Baba ba ya ƙarya, wataƙila an yi mana sammu ne. Ta ce in kawo jakar. Ta buɗe, ta shinshina, sai ta kama dariya har da hawaye. Ta ce wannan ai maganin kumburin ciki ne, ubanmu ya sha shi har ya koma ga Allah, kuma duk Anka an san shi siriri kamar karan dawa. Sannan ta daina dariya. Ta ce in ɗanta ya makance, ni zan ja masa sanda, don haka gobe in nemo likitan nan in ba shi haƙuri.

Likitan bai riƙe ni a rai ba. Ya tura mu babban asibiti a Sakkwato, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikin kai. Wata likita ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, shi ke fitar da sinadarin da ke sa jiki girma. Na ƙanena ƙari ya fito masa, yana ta zubo sinadarin ba tsayawa, shi ya kumbura masa hannu ya jawo masa ciwon suga. Ƙarin kuma yana danne jijiyar gani da ta bi ta samansa, shi ya sa ganin gefe ke tafiya. Abin ya ba ni mamaki, don na fasa kawunan shanu da raguna ba iyaka, na sha ganin ɗan abin nan kwance a gurbinsa cikin ƙashi, ban taɓa sanin yana da aiki ba. Da ta ce ta hanci za a bi a ciro ƙarin, ƙanena ya ce to madalla, dama hancin ya yi faɗin da ko babur zai wuce.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ciwon kai ya tafi, suga ya lafa da magani, ganin gefen dama ya dawo. Na hagu bai dawo ba. Likitar ba ta zarge ni ba, ta dai ce jijiyar ta daɗe a danne. Na san wanda ya daɗar da ita. Likitocin suna wani bincike a kan masu irin wannan ciwo, suka nemi izinin ƙanena su riƙa bibiyar jininsa da idonsa. Ya juyo zai tambaye ni kamar yadda ya saba, na ce a'a, wannan karon kansa ne, shi zai faɗa. Ya amince. Har yanzu mukan je, ɗalibai su kewaye shi suna auna hannu, shi kuma yana ba su labarin dambe yana ƙara gishiri.

Abin da na koya shi ne, babban mutum ba ya sake girma haka kawai. In kuka ga takalmi ko hula ko zobe sun matse wanda ya gama girma, fuska tana sauyawa, ga ciwon kai da karo da ƙofa, ku kai shi asibiti, kada ku tsaya yi masa kirari. Ku kuma manyan gida, in ƙaramin ya ce jikinsa ba daidai ba, ku saurara, don shi ke cikin jikin. Yanzu duk inda za mu, ni ke tafiya a hagunsa ina faɗa masa in babur na zuwa. Mutane suna yaba zumuncinmu, shi kuwa yakan ce ya ajiye ni a can ne don nan ne kaɗai ba ya ganin fuskata. Nakan yi dariya, amma ban taɓa barin gefen ba.