Shessheƙar Baburin Alhaji Ummaru

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Ummaru mai albasa ya sauke mini wani babur mai taya huɗu daga bayan a-kori-kura ba. Bazara ce, ana zafin nan namu na Sakkwato wanda ko sifana sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka. Ni kuwa a lokacin na shekara goma sha huɗu da buɗe garejina a Runjin Sambo, ina ji da kaina ƙwarai a harkar kabireta.

Ga waɗanda ba su san Alhaji ba a cikinku, mutum ne mai jiki, mai son girma, kullum cikin shadda ko da gona za shi. Injinan ban-ruwansa da baburan ma'aikatansa duk ni ke gyarawa. In gaya muku gaskiya, rabin aikin garejina nasa ne. Shi wannan ɗan baburin ya sayo shi ne don zagaya albasarsa a fadama, kuma totur ɗinsa, wato abin ba shi mai, ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake dannawa.

Ya ce, "Mamman, wanga abu shessheƙa shikai. In na danna mai sai shi yi awa za shi mutuwa, in na saki shi hwarhwaɗo."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai wanga ƙaramin aiki na. Ka aiko gobe."

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba makanikai ba. Kabireta nan ne fetur da iska ke gauraya kafin su shiga inji. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, da ka ba da wuta sai inji ya sarƙe. Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara da fulogi, a duba mai, a duba soson da ke tace iska, sannan a taɓa kabireta. Na cire fulogi na gan shi baƙi ƙirin, alamar mai ya fi iska yawa. Na wanke soso. Na kwance kabireta, na wanke ta da fetur, na busa 'yan ƙofofinta har ina hango rana ta ciki. Na ɗaura, na hau, na je Ƙofar Kware na dawo. Ko tari bai yi ba.

Kwana ɗaya ya yi a hannun Alhaji, sai ga a-kori-kura ta dawo. Na ce to, fetur ne mai ruwa. Na zubar, na wanke tanki, na sake tiyo, na kuma kwance kabireta. Na hau, lafiya lau. Alhaji ya ɗauka, shessheƙa ta dawo. Mai shayin kusa da mu har ya fara cewa a yi wa babur tofi, wai ƙila ya taka wani abu a fadama. Wallahi na kusa yarda.

Zuwa na uku Alhaji da kansa ya zo, ranar Alhamis da hantsi, fuska ba annuri. Ya nuna tsallaken titi da baki, inda garejin Garba yake. Garban nan ni na koya masa riƙon sifana kafin ya buɗe nasa.

"Garba ya ce awa guda ta ishe shi. In bai gyaru ba yau, da shi da injunana duka can za su koma."

Rasa aikin ciwo ne, amma a ce Garba ne ya gyara abin da ya gagare ni, ai sai in bar unguwar. Ga shi can zaune kan benci ya harɗe ƙafa, yana ɗago mini hannu, ɗan banza.

Na riga na ɗauki sukundireba zan kwance kabireta karo na uku, sai na tsaya. Ni in na hau lafiya, shi in ya hau cuta. Na ce, "Ranka shi daɗe, hau in gani."

Ya tattare riga, ya zauna, ya watsa ta baya ta rufe rabin babur. Ya tayar, ya fara tafiya a hankali, ni kuma ina binsa da gudu a duƙe, kunnena wajen inji, gumi na zuba. 'Yan keke suka rage gudu suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Oga Mamman, tura shi kakai ko roƙonai kakai?"

Alhaji ya danna mai. Da idona na ga gefen babbar rigarsa ya tsotsu, ya manne ɗaf a bakin da iska ke shiga, nan ƙarƙashin kujera. Inji ya sarƙe. Ya saki yatsa, riga ta saki, inji ya farfaɗo. Ya kuma dannawa, ta kuma mannewa. Kai jama'a! Kwana huɗu ina azabtar da kabireta, baiwar Allah ba ta yi komai ba.

Murna ta sa na kusa yin kuskuren da ya fi na farko, don saura kaɗan in ƙwala ihu in ce riga ce. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ja Alhaji cikin gareji, na rage murya.

"Ranka shi daɗe, babur lahiya tai lau. Rigakka ta ka toshe mai numfashi."

Ya zare ido. "Rigata? Mamman, shaddag ga ka san daga inda tah hito?"

"Na sani, ranka shi daɗe. Don kyawonta na iska bai wucewa. A ɗan tuɓe ta a gwada."

Can ya tuɓe, ya miƙo mini, na karɓa da gwiwar hannu saboda baƙin mai. Ya hau daga shi sai 'yar ciki. Abin da na manta ban gaya masa ba, ya saba danna totur har ƙarshe tunda babur ba ya amsawa. Yana dannawa kuwa babur ya zabura, hula ta yi baya, ya keta titi yana salati, bai tsaya ko'ina ba sai cikin tulin tsofaffin tayoyin Garba.

Na ruga rungume da riga. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane bai yi ba. Garba ya miƙe yana washe baki, ya ce, "Alhaji, an kawo aikin ke nan?"

Alhaji yana haki ya ce, "Wane aiki? Ba ka ga yadda niz zo ba? Mamman ya gyara!"

A ranar na sa guntun tiyo na karkatar da bakin iskar zuwa ƙasa, inda riga ba ta kaiwa. Injuna suka ci gaba da zuwa garejina.

Tun daga nan duk wanda ya kawo mini abin hawa da cutar da ba ta nuna kanta a hannuna, sai ya hau na gani kafin in kwance ko noti ɗaya. Kuma in laifin mai abu ne, a kunne nake gaya masa. Bayan mako guda na ji Alhaji na ba da labari a kasuwar albasa, wai Mamman ya gano wata cuta can cikin inji wadda ko waɗanda suka ƙera baburin ba su san da ita ba. Mutane suka yi ta zuwa suna tambayata wace cuta ce. Na ce musu sirrin sana'a ne.