Kaisar na Dangora

Ku da kuka san Baffa Ilu, yayan mahaifina, kun san ko ƙoƙo aka fasa a gabansa sai ya ce, "To! Haka Rum ta fara." Ya koyar da tarihi a Kiru har ya yi ritaya, amma bai taɓa fitowa daga daular Rumawa ba. Shi ya sa duk Dangora ake ce masa Kaisar, wato sarkin Rum.

Wata damina ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Yako. Ɗan acaɓa ya ce, "Baba, hau in zagaya da kai."

"Ba na hawa! Rumawa sun shimfiɗa hanya, sun mutu, jikokinsu sun mutu, hanyar na nan. Wannan kuwa ko yaye ba a yi mata ba!"

Ya tattare riga ya faɗa ruwa, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Wai ɗayan ya tafi neman ɗan kwangila.

Liman ma bai tsira ba. Ya ce masa, "Haba Malam Ilu, ka bar mutanen nan su huta mana."

"Allah gafarta malam, sura guda aka saukar da sunansu. Kuma kalandar da ke zaurenka, Yuli da Agusta ai sunayen sarakunansu ne. Kana ƙarƙashinsu ba ka sani ba!"

Washegari liman ya sauke kalanda.

Dariya ta fara ɗaci ne da 'ya'yansa, Sabo da Nasiru, suka ɓata a kan gona, suka ja katanga a tsakar gida. Na je na same shi a zaure.

"Baffa, ba za ka hana su ba?"

"Na hana, 'yata, har muryata ta dishe. Rum ma kafin maƙiya su ci ta, masu ita suka raba ta, Gabas da Yamma. Ni ne iyaka."

Don kada a ce ya yi son kai, tuwo daga Gabas yake karɓa, miya daga Yamma. Ran da Yamma ta yi fushi, gaya yake ci. Muna dariya, shi yana ramewa. Daga baya Nasiru ya sayar da gonarsa ya koma Kano, ɗakunansa suka rufta.

Yana kwance a ciwon ajali na tambaye shi, "Baffa, wai me ya rage na Rum?"

"Duwatsu, da masu zuwa kallo." Ya dubi azarar ɗaki. "Ni nawa ginin ƙasa ne. Ko 'yan kallo ba zan samu ba."

Nan kam malam ya faɗi jarrabawa. Ranar jana'iza tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Bebeji har Doguwa, wasu da furfura, layin gidan ya ƙi ɗaukar su. Sabo da Nasiru suka tsaya a sahu ɗaya, ba mai duban wani.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya kai haske kabarinsa, Ya sanyaya zukatan da ya bari, Ya ba shi gidan da ba ya rushewa. Amin.