Layin Da Ba A Ƙirga Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ina roƙo a sakaya sunana. Na ji an fara yawo gida-gida ana neman mata su fito su tsaya wa wane da wane, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da ya same ni, ko wata ta tsira da abin da ni na rasa.

A shekarar da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa, ni matar aure ce a Anguwan Rogo, nan cikin Jos, ina ɗinki da keken hannu a tsakar gida. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar dankalin turawa daga tashar Titin Bauchi zuwa Kudu. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce mai motoci, wanda a gidanmu ba a kiransa da komai sai Oga. Da motar nan muke ci, da ita muke sha. Ni kuwa a lokacin irin matan nan ce masu son kowa ya ce suna da kirki. Ban iya kallon idon mutum in ce masa a'a ba, kuma ina ɗaukar hakan kunya ce da tarbiyya, har ina yabon kaina a kai.

Ina da maƙwabciya da katanga ɗaya ta raba mu, ta girme ni sosai, ina ce mata Yaya. Iyayenta da iyayen mijina tun zamanin haƙar kuza suka zauna kusa da juna, kuma su suka fasa wata 'yar ƙofa a jikin katangar, wadda sai an sunkuya ake wucewa, an jingina mata guntun kwanon rufi. Wanda bai zauna a irin gidajenmu ba ba zai gane darajar wannan ƙofa ba. Mace ba ta fita titi sai da izini da mayafi, amma ta nan ba a neman izinin kowa. Ta nan garwashi ke wucewa da safe idan wutar ɗayarmu ta mutu, ta nan kanwa da gishiri, ta nan labarin duniya. Uwata tana nesa, don haka ta wannan ƙofa Yaya ta shigo ta karɓi duk haihuwar da na yi kafin zuwan siyasar nan, ta yi mini wankan jego da hannunta, tana yi tana faɗa wai na cika raki. Idan maigidana ya yi tafiya ya daɗe, ita ce mai leƙowa ta tambayi ko akwai abin ɗorawa a wuta.

To, da aka kafa jam'iyyu, anguwarmu kusan duka ta faɗa jam'iyya ɗaya, sai rigima ta tashi a kan wanda zai zama shugabanta a yankinmu. Mutum biyu suka fito. Na farko Oga, na biyu ƙanin Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wani ɗan kwangila da ke zaune a Nasarawa Gwom. In don gaskiya ce, babu na ɗauka a cikinsu. Oga mutum ne da idan taya ta fashe a hanya sai ya ce laifin direba ne. Shi kuma ƙanin Yaya, kwalbatin da ya gina a bayan layinmu ruwan farko ya tafi da shi, muka koma tsallake kwata da itace. Amma tunda aka ce yanzu mata ma suna da ƙuri'a, sai ga shi mun zama mutane. Waɗanda ba su taɓa tambayar ko muna raye ba suka fara aiko da gaisuwa, wai a gaida iyayenmu mata.

Kowane ɓangare ya fitar da anko. Na Oga atamfa ce mai ruwan goro, maigidana ya kawo mini tawa, ya ce Oga ya faɗa a tasha cewa duk direban da ba a ga iyalinsa ranar zaɓe ba ya ajiye makullin mota. Na ƙanin Yaya shuɗiya ce, ita da kanta ta sunkuyo ta ƙofa ta ajiye mini a kan keke. Ta ce ba za ta tambaye ni wanda zan bi ba, domin tambayata ma cin fuska ne, ni da ita ai abu ɗaya ne. A nan ya kamata in buɗe baki in gaya mata halin da mijina ke ciki. Na san Yaya, da na gaya mata, faɗa za ta yi ta gama, sannan ta ce in bi mijina. Amma sai na yi murmushi na ce ai ba sai an faɗa ba. Na karɓi atamfar, na ɗinka ta, na ɗinka ta Oga ma, na tura ta ƙarƙashin gado don kada Yaya ta gani.

Abin da ya ba ni ƙarfin hali rediyo ne. Kullum ana wayar mana da kai cewa ranar zaɓe za ka shiga wani ɗan keɓaɓɓen wuri, ka dangwala yatsa, ka jefa takarda a akwati, daga kai sai Allah. Sai na tsara abina a zuci. Zan je, Oga ya ga iyalin direbansa sun halarta, in shiga in jefa wa ƙanin Yaya saboda Yaya, kowa ya koma gida yana ganin ni tasa ce. Har ina jin daɗin wayona. Ban sani ba ashe wancan bayanin na babban zaɓen ƙasa ne, na cikin jam'iyya tsarinsa daban. Ba mu taɓa yi ba, babu wanda ya ga ya dace ya bayyana wa mata, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar na saka wani tsohon zanena, na ce wa Yaya ban gama kalmasa shuɗin ba, na ce wa maigidana haka a kan mai ruwan goron. Muka isa filin wata makarantar firamare da hantsi. Ina ta baza ido ina neman akwati, ban ga akwati ba. Abin da na gani mutum biyun ne a tsaye a gaba, kowanne cikin babbar riga, a bayan kowanne layin maza, a gefe kuma layin mata. Mai shela yana ta nanatawa cewa kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, za a bi a ƙirga kawuna. Na duba layin shuɗi, sai ga Yaya ta buɗe wuri a gabanta, ta tare shi da hannu kada wata ta shiga, tana yafito ni da bakin mayafi tana dariya. Na duba ɗaya gefen, ga maigidana a layin direbobi, kallona kawai yake yi, fuskarsa duk gumi a cikin sanyin nan na Jos. Na tuna makullin mota, na tuna yara. Na sunkuyar da kai na wuce ta gaban Yaya kamar ban gan ta ba, na je na tsaya a layin Oga. Da na saci kallonta, dariyar ta tafi. Ta sauke hannunta, ta matsa gaba ta rufe wurin.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce, na zaɓi abincin 'ya'yana. Abin da ya biyo baya shi ne har yau idan na tuna nake jin takaici. Muka tsaya rana ta take, masu goyo na jijjiga, wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Maroƙan kowane ɓangare suna zagin ɗayan, har da iyaye, 'yan uwan juna suna nuna wa juna yatsa daga layi zuwa layi. Wasu manyan baƙi da uwar jam'iyya ta turo suka zaga suka kalle mu daga nesa, kamar masu duba shanu a kara. Sai suka shige wani aji tare da Oga da ƙanin Yaya, aka ja ƙofa. Da suka fito, mutum biyun nan hannunsu na riƙe da na juna, suna ta washe baki. Mai shela ya ce an yi sulhu irin na 'yan uwa, Oga ya zama shugaba, ƙanin Yaya kuma shi jam'iyya za ta tsayar takarar majalisa, kowa ya watse Allah ya yi albarka. Maroƙan da ke zagi ɗazu suka haɗa su biyun a waƙa ɗaya ba tare da ko sauya numfashi ba. Ba a ƙirga mu ba, Edita. Ko kai ɗaya ba a ƙirga ba.

Daga baya direban ƙaramar motar Oga ya gaya wa maigidana cewa tun kafin ranar aka gama maganar a wani otal, ana cin kaji. Layin an yi shi ne kawai don baƙi su ga kowanne yana da jama'a. Da maigidana ya je yi wa Oga murna, ya ce masa har iyalinsa ta fito ta tsaya masa, sai Oga ya tambaye shi wai ashe yana da aure.

Washegarin ranar zaɓen da safe ina hura wuta na ji ana maka laka a jikin katanga. Na je na ja guntun kwanon, sai na ga Yaya durƙushe, ta kwaɓa ƙasa da kanta, tana jera tubali a bakin ƙofarmu. Na kira ta, na fara rantse-rantse, na kawo zancen rediyo da akwati da makulli. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta daina aikin ba. Ta ce ba ta jin haushin na bi ogan mijina, ita ma mace ce, ta san abin da ake nufi da tukunya. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne na karɓi zanenta ina murmushi, na bar ta ta tare mini wuri a gaban duk matan danginsu, suna tambaya tana ce musu ƙanwarta ce ke zuwa. Ta ce wadda za ta iya kallon idonta ta yi mata haka, ba ta san me kuma take ɓoyewa a ƙarƙashin gado ba. Ashe ta ga atamfar tun tuni, ta yi shiru tana jira in faɗa mata da bakina. Ina tsaye ta ɗora tubalin ƙarshe.

Na aika mata da gwate ta ƙofar gida, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Na sake, ya sake dawowa. Daga nan sai nawa girman kan ya motsa. Na ce ai ƙaninta ma da aka yi don shi ga shi can yana cin tuwo da Oga a akushi ɗaya, ni ce za a riƙe? Na daina aikawa. Abin da ban yi ba shi ne in ɗauki mayafina in zagaya da ƙafata, in durƙusa in ce na yi kuskure, ba tare da na jingina shi da rediyo ko makulli ba. Tafiyar ba ta fi a fita zaure a shiga zaure ba. Na haihu bayan nan, wata baƙuwar ungozoma ta karɓa, ina naƙuda ina kallon tabon sabuwar lakar nan a jikin katanga. Su kuwa manyan, kafin a daɗe ɗan wannan ya auri 'yar wancan, aka yi biki na kece raini, aka sake fitar da anko.

Da Yaya ta kwanta ciwo, ina jin tarinta ta katanga. Kullum sai in ce gobe zan shiga. Ranar da na shiga, kuka ne ya kai ni. Na bi ta ƙofar gida kamar baƙuwa, kuma a kan tabarmar karɓar gaisuwa ga Oga ga ƙaninta kafaɗa da kafaɗa, carbi a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa, na ji da kunnena zancen kwangilar wani titi suke yi. Na tofar da yawu na wuce. A ciki babbar 'yarta ta kama hannuna ta kai ni gindin katanga, daidai inda ƙofar take a da. Akwai wani turmi a kife a wurin. Ta ce tun da aka toshe ƙofar, kullum bayan la'asar a nan mahaifiyarta ke zama ta jingina bayanta, ko da ciwo ya yi tsanani sai an kawo ta. Idan ta ji ƙarar kekena sai ta ce to, yarinyar nan lafiya take, sannan ta yarda a mayar da ita ɗaki. Ranar da ba ta ji ba, sai ta tura a tambayi masu kawo ɗinki ko lafiya, ta ce kada a ce ita ta aiko.

'Yan uwana mata, da ma maza, ban ce kada ku yi siyasa ba. Ku fita, ku zaɓi wanda kuka ga dama, haƙƙinku ne. Amma kafin ku fita ku tambayi yadda za a yi zaɓen, kuma ku faɗa wa naku gaskiyar inda za ku tsaya tun kuna cikin gida, ko da za a yi faɗa. Kada ku karɓi zanen mutum biyu. Kuma ku sani masu manyan rigunan nan ba sa gaba da juna, sun san ɗakin da za su shiga su shirya, ku ne ba a gayyata ciki. Idan kuma kin riga kin ɓata da wata saboda su, kada ki jira gobe, ki ɗauki mayafinki ki zagaya yau.

Oga da ƙanin Yaya sun sauya jam'iyya tare har na daina bin lissafi, jikokinsu ma ɗaya ne. Ni ina nan a gidan, keken ma yana nan. Maigidana ya sha cewa a kira magini a fasa ƙofar, matan da ke gidan Yaya yanzu mutanen kirki ne. Na ce a bar ta. Har yau bayan la'asar nakan jawo keken kusa da katangar in yi ɗinki, ko da babu abin ɗinkawa, alhali na san babu kowa a kan turmin.