Kwamfutar da Liman Ya Rantse Ba Zai Taɓa Ba

Ni ban iya ƙirar manhaja ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar na iya ba. Aikina a ƙungiyarmu shi ne fassara: in mayar da kalmomin cikin manhajar zuwa Hausa, in kuma yi surutu a zaurenmu na waya idan aka taɓo abin da ya shafe ni. Manhajar tamu tana karanta wa makafi rubutun da ke fuskar kwamfuta da muryar Hausa. Ba a sayar da ita, ba a kuma ɓoye yadda aka ƙera ta. Kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Masu aikin 'yan sa-kai ne, wasu a nan Sakkwato, wasu a Kano da Zariya, akwai ma na ƙetaren iyaka.

Saboda yayata na shiga. Malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, idanunta kuma sun tafi a hankali har suka ƙare. Kafin manhajar, ni nake zama da ita a gidanmu na Tudun Wada ina karanta mata aikin ɗalibai, ina hamma, tana jin hammar tana haɗiye baƙin ciki. Da ta samu muryar nan a kwamfutarta mai tsohuwar Windows, sai yatsunta suka haddace madannan kamar hanyar ɗakinta.

Wanda ya fi kowa aiki a ƙungiyar wani ɗan gidan malamai ne na Ƙofar Rini. Liman muke ce masa, don shi ke jan mu salla idan mun haɗu, shi kuma ke jan mu a aiki. Mutumin Linux ne na gidi. Linux ita ma babbar manhaja ce mai tuƙa kwamfuta kamar Windows, sai dai ita a buɗe take irin tamu. Liman ya taɓa rantsuwa a zaure, da sunan Allah, cewa Windows ba za ta kwana a na'urarsa ba. Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Rikicin ya taso ne da wanda ke kula mana da ɓangaren Windows ya samu aiki ya bar gari. Liman ya kawo shawara: daga fitowar manhajar ta gaba, ɓangaren Linux kaɗai za mu riƙa ginawa. Zaure ya kama da wuta. 'Yan Linux suka ce me ya sa za mu ba da guminmu kyauta muna gini a filin da ba a bar mu mu leƙa ƙarƙashinsa ba. Mu kuma muka ce tsofaffin kwamfutocin da makafi ke iya saye duk da Windows suke zuwa. Wani Bakano ya ce shi ko hujjar Liman bai ji ba, Sakkwatancin ne ya hana shi, a taimaka a fassara masa.

Abin da ke ba ni haushi da Liman, shi ne kuma abin da har gobe nake ganin girmansa a kai. Ba ya musu sai ya fara kawo hujjarka. A zauren mahaifinsa ya koyo. Zai jera maganarka tsaf, ya ƙara mata abin da kai ka manta, har ka fara gyaɗa kai kana jin daɗi, sannan ya bi ta ya kwance ɗaya bayan ɗaya. Haka ya yi mini. Ya ce hannuwanmu kaɗan ne, ɓangaren da ba shi da mai kula kuwa zai lalace a hannun makaho ba tare da kowa ya sani ba, kuma wannan ya fi a gaya masa gaskiya muni. Na tura saƙon murya mai zafi. Aka jefa ƙuri'a, suka kayar da mu.

Ga abin da kayen ya jawo mana a gida. Makarantar Yaya ta koma karɓar aikin ɗalibai ta wani sabon tsari a intanet, tsohuwar manhajarmu kuma ba ta iya karanta shi. Gyaran yana cikin sabuwar fitowa, wadda ba za ta zo wa Windows ba. Tun kafin hutu shugabar makarantar ta yi wa Yaya zancen a mayar da ita ofis ta huta. Yaya ta san ma'anar wannan hutun: kujera a lungu, ba aji, ba ɗalibai. Sabon zango kuwa ya matso.

Wata Asabar bayan la'asar sai ga Liman a ƙofar gidanmu da kwamfutarsa a jaka. Ya ce tunda shi ya kawo shawarar, shi ya kamata ya zo ya sauya wa Malama zuwa Linux. Na shimfiɗa tabarma a zaure. Lokacin bazara ne, bango ma huci yake yi. Yaya ta fito da hijabinta, suka gaisa.

"Malama, wagga ta hi waccan sauƙi," in ji shi. "Ki taɓa ki jiya."

Ya tura mata kwamfutarsa. Na ɗauka za ta ƙi, amma ba ta ƙi ba. Ta ɗora yatsu. Suka tafi inda suka saba zuwa, wani abu daban ya buɗe. Ya gaya mata madannin da za ta danna, ta danna, ta dawo, yatsun suka sake komawa tsohuwar hanya. Ta daɗe tana yi, gumi na bin gefen fuskarta, ba ta yi tsaki ko sau ɗaya ba. Na lura Liman ya daina kallon fuskar kwamfutar, hannuwanta yake kallo.

Can ta janye hannu ta ce, "Malam, ba ƙi niy yi ba. Ina iya koyo. Waccan ma da hawaye nik koye ta, sa'ad da idanuna sunka tahi. Amma makaranta ba ta jirana."

Liman, mai amsar kowace magana, ya rufe kwamfutarsa ya mayar da ita jaka. Ya sha furar da aka kawo masa, ya yi sallama ya hau babur. Na raka shi da harara.

Bayan 'yan kwanaki ya yi rubutu a zaurenmu na waya. Ya ce ra'ayinsa yana nan, ƙuri'a ma tana nan, ba ya neman a soke ta. Amma an yar da ɓangaren Windows ne don ba shi da mai kula, to yanzu yana da shi, shi ne. Washegari ya shiga kasuwa ya sayo tsohuwar kwamfuta mai Windows. Aka dafa tuwon shinkafa a gidansu aka raba wa miskinai, kaffarar rantsuwarsa. Da na tsokane shi, ya ce rantsuwa ba abin wasa ba ce, ko a kan kwamfuta aka yi ta.

Mutanensa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Wasu suka ce ya sayar da su, biyu daga cikin na hannun damansa suka fice suka kafa tasu ƙungiyar. Wannan ya yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Amma ko a nan sai da ya fara kawo hujjarsu, ya ce suna da gaskiya, aikin zai ninku kuma Linux ɗin za ta yi jinkiri saboda haka. Bai ambaci yayata ba ko sau ɗaya, bai mayar da makantarta makamin cin musu ba. Ni da na so ya yi hakan, daga baya na gode da bai yi ba.

Na riƙa zuwa Ƙofar Rini da yamma ina gwada masa fassara. Ina samunsa tsugune gaban na'urar yana salati. "Subhanallahi! Wanga wane irin gini na? Mi sunka ɓoye nan ciki?" Yana ƙorafi yana aiki, kamar mai wanke tukunyar da ba shi ya ci a ciki ba.

Ana gobe za a koma makaranta ya kawo sabuwar fitowar, ya saka wa Yaya a kwamfutarta. Bai tsaya godiya ba. Yana sa takalmi ya ce da ni, "Har yanzu ku ka kan kuskure hwa. Hutu mai zuwa in Malama ta yarda, mu hwara Linux sannu-sannu." Ya tafi.

Yaya ta shiga shafin makarantar da kanta. Muryar ta fara karanta insha'in hutu na wata ɗaliba a kan ranar kasuwa. Ta saurara, ta tsayar, ta koma baya, ta yi murmushi a kan wata jimla. Da muryar ta ɗan yi shiru, hannuna ya miƙa kan madannan don in taimaka, kamar yadda na saba. Ta kama wuyan hannun ta ajiye shi gefe.

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce. "Ina da aji gobe."