Ranar da Ya Kira Ni da Sunan Yanka

Edita, sallama gare ku da masu karatu. Shekara biyu ke nan ina ɗauke da wannan magana a ƙirji, yau dai na ga gara in sauke ta, ko wani ya tsira daga abin da ni ban tsira ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da ɗaya, injiniya ne ni a Manchester, ina zaune a Old Trafford da matata da 'ya'ya uku. Duk wanda ya san ni a lokacin abu biyu zai faɗa a kaina: ina da naci, kuma bakina ba shi da linzami. Bafulatani ne ni da ya tashi a birnin Kano. Ban iya Fillanci ba sai gaisuwa, ban taɓa kora ko akuya ba, amma taƙamar Fulani kam na gaje ta cif, ba a rage min komai ba.

Ina da aboki, Babarbare daga Maiduguri, akanta ne. Mun haɗu tun muna ɗalibai, a wani gidan haya a Fallowfield, ɗakinsa na kallon nawa. Ranar da ya iso, da ya ji ni Bafulatani ne, sai ya miƙo min jakarsa ya ce in kai masa sama, tunda Allah ya haɗa shi da yaron gidansu a ƙasar Turawa. Na ce masa bawa ba ya aiken ubangidansa. Daga ranar muka ƙulle. Shi yana kirana Fillo, ni ina kiransa bawana, shekara goma sha huɗu ban ji sunana na yanka a bakinsa ba. Matarsa ma ta ce sai da ta yi wata shida a gidansa kafin ta san ina da wani suna. Wanda ya san wasan Fulani da Barebari ya san ƙa'idarsa: ba a fushi, ba a kuma sallamawa. Wanda ya yi shiru, shi aka ci. Ko da aiki ya mayar da shi Birmingham, ya kama gidan haya a unguwar Ladywood, wasan bai yi sanyi ba, sai ma ya koma waya safe da yamma.

Ni na jawo mana wannan gasa. Likitana ya ce min sukarina yana hawa, in rage shinkafa in motsa jiki. Na fara ɗan gudu a bakin ruwa, sai abin ya shiga jinina. Na sayi keke. Na je wurin ninƙaya na ƙaramar hukuma na koyi iyo da gemuna, tsofaffin Turawa suna wuce ni suna min murmushin tausayi. A nan na ji labarin gasar da ake kira triathlon, wadda mutum zai yi iyo na kusan kilomita huɗu, ya fito ya hau keke kilomita ɗari da tamanin, ya sauka ya yi gudun kilomita arba'in da biyu, duk a wuni ɗaya. Mai hankali zai ji wannan ya ce Allah ya ba su sa'a. Ni kuwa na ɗauki waya na kira abokina, na ce masa na samo abin da zai raba gardamar kakanninmu, amma na san Babarbare da tumbi ba zai iya ba. Bayan mako biyu ya turo min hoton sabon keke a falonsa.

Shekara biyu muka yi muna shiri. Wata Asabar in je Birmingham, wata ya zo Manchester, cikin ruwan sama da sanyin da ke sa yatsa ya ƙage. Gaskiya kwanaki ne masu daɗi, kuma shi ya fi ni ƙarfi a kan keke, duk da ban taɓa faɗa masa ba. Da muka zo cike takardar shiga, akwai wurin da ake tambayar lafiyar mutum. Ya kira ni ya ce ko ya rubuta cewa jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila. Ni na raka shi gwajin kafin aurensa, na san da maganar. Na yi dariya na ce ai wannan zancen neman aure ne, ya riga ya samu mai AA ya wuce wurin, ko yana shirin neman auren alƙalin gasa ne. Ya bar wurin babu komai. Mu a wurinmu iyakar AS ke nan, a duba kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ban taɓa jin cewa mai shi yana bukatar ya kula da zafi da ƙishi fiye da sauran mutane idan zai wahalar da jikinsa ba, ban kuma tambayi kowa ba, alhali likitoci sun fi biyar a cikin waɗanda muke sallar Juma'a tare.

Satin gasar sai aka shiga wani zafi irin wanda Ingila ba ta saba gani ba. Masu shirya gasar suka yi ta turo saƙo, a sha ruwa, a rage sauri, wanda bai ji daidai ba ya tsaya. Mu kuwa abin dariya ya zame mana. Na ce ranar da Bature ke kuka da ita, a Kano ko shanya ba za ta busar ba. Shi ya ce a Maiduguri wannan lokacin saka rigar sanyi ne. Abin da muka manta shi ne, shekara goma sha huɗu ke nan rabon jikinmu da waccan rana, sai ziyarar mako uku cikin mota mai sanyi. Muka kuma manta cewa a Maidugurin ma babu mai gudu da tsakar rana, kowa gindin darbejiya yake nema.

An yi gasar a gefen wani tafki a wajen Birmingham. Muka yi Asuba a jikin mota, hantsi bai yi ba muna cikin ruwa. Tun a nan iska ta fara nuna hali, ruwan yana marin fuska duk lokacin da ka ɗago ka shaƙi numfashi. A kan keke ne ta fito da ainihinta. Iska ce mai zafi, kamar an buɗe maka ƙofar gidan burodi, tana turo ka baya, wani lokacin ta buge ka ta gefe har keken ya yi tangal-tangal. Muguntarta ita ce tana busar da gumi tun kafin ka ji shi, sai ka zaci ba ka zufa. Sai da na sauka na ga baƙar rigata ta yi fari fat da gishiri. Kusan tare muka ajiye kekuna, muka fara gudun kafaɗa da kafaɗa. Zagaye huɗu za a yi wa tafkin.

A zagaye na uku, wajen la'asar, na lura ya daina rama magana. Na ce masa wani abu a kan tumbinsa, ya yi shiru, na ƙirga wannan a matsayin ci ɗaya. Muka iso rumfar da ake ba da ruwa. Wata dattijuwar Baturiya cikin masu aikin sa-kai ta dube shi, ta ajiye kofin hannunta, ta jawo kujera cikin inuwa ta ce ya zauna a kira masu duba lafiya. Ina ganin hannunsa a kan kujerar nan har yau. Ya juyo ya kira ni, ba Fillo ba, da sunana na yanka, wanda mahaifina ya raɗa min. Ya ce ƙafafunsa kamar ba nasa ba, kuma ɗazu da ya zaga fitsarinsa ya fito kamar shayi ba madara.

Na ji sunan. Wallahi na ji shi, har wani abu ya ɗan taɓa ni. Amma kaina yana kan agogo, ina lissafin lokacin da zan gama, kuma bakina ya saba riga hankalina. Na ce masa:

"Zauna abinka, bawana. In ubangidanka ya karɓo lambar yabo zai aiko a ɗauke ka. Dama ai mun san ƙarshen zancen."

Ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi, ya ɗauke hannunsa daga kujerar. Ko ruwan bai tsaya ya shanye ba, ya watsa rabi a ka ya biyo ni. Dattijuwar tana kiransa, ni na ɗaga mata hannu na ce mu 'yan Afirka ne, mun san rana. Ba mu yi nisa ba ya fara ja baya, ni kuma ban waiwaya ba. A zagaye na ƙarshe na wuce motar asibiti a gefen hanya, mutane sun yi cincirindo. Na ce a raina wani Bature rana ta kayar, na ƙara sauri.

Na gama. Aka rataya min lamba, na ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci yaƙi. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna bakin layi, yaran riƙe da kwali da suka rubuta wa babansu. Ƙaramar ta tambaye ni da Turancinta na Birmingham ina Daddy, na ce yana baya, ai bawa ba ya shiga gaban ubangida. Muna tsaye ana ɗaukar mu hoto wayar uwar ta yi ƙara. Na ga fuskarta ta sauya. Ashe abokina ne aka ɗauka a motar asibitin nan da na wuce.

Kwana tara ya yi bai san inda yake ba. Likitoci suka ce zafi ya yi wa jikinsa yawa, naman ƙafafunsa ya narke ya bi jini ya toshe ƙoda. Da suka ji AS ne, suka ce mai yiwuwa hakan ya ƙara wa abin muni. Wani daga cikinsu ya ce da ya tsaya lokacin da ya fara ganin alamar, da wataƙila labarin ya sha bamban. Ina tsaye a wurin da ya faɗi haka, na sunkuyar da kai. An yi ta sa ran ƙodar za ta farfaɗo, ba ta farfaɗo ba. Yau sau uku a mako ake masa wankin ƙoda. Mutumin da na hana tsayawa ya sha ruwa, yanzu ruwan ma auna masa ake yi a ɗan ƙaramin kofi, wani lokacin ƙanƙara yake tsotsa don ya yaudari ƙishi.

Na san komai ƙaddara ce, kuma mutane sun yi ta faɗa min haka. Amma su ba su ga hannunsa a kan kujera ba. Na koma zuwa Ladywood duk Asabar, in kai shi asibiti, in zauna gefensa awa huɗu injin yana juya jininsa. Sai dai bakina ya mutu. Na koma ce masa Malam, ina gaishe shi kamar suruki. Da na roƙe shi gafara, cewa ya yi shi ya ɗauke hannunsa da kansa, kada in ƙara tayar da maganar. Na je a gwada ni in ba shi ƙoda ɗaya, aka ce sukarin nan nawa ya hana. Ranar da na kai masa wannan labari na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa daga kan gadon ya yi dariya har da tari, ya ce:

"Alhamdu lillahi. Dama ina tsoron ƙodar Fulani, kada a wayi gari a gan ni ina bin shanu a titin Birmingham. To rama mana, Fillo. Kowa lallaɓa ni yake yi, kai ma?"

Na buɗe baki in rama, don na san abin da yake roƙo ke nan, a mayar masa da abokinsa. Babu abin da ya fito sai kuka, ni da furfurata, a gaban ma'aikatan jinya. Shi ne ya koma ba ni haƙuri. Har yau ban iya ce masa bawana ba.

Bai taɓa gaya wa matarsa abin da na faɗa a rumfar nan ba. Duk Asabar sai ta zuba min abinci, ta yi min godiya, ta ce samun aboki irina sai an tona. Na san tana karanta wannan mujalla, kuma ba ta bukatar a faɗa mata suna. Yaya, ni ne. Ya so ya zauna, ni na tashe shi. Ki yafe min in za ki iya.

Ga sauran 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a ƙasashen sanyi muna taƙama da ranar garinmu: jiki ba ya karanta takardar haihuwa. Wanda zai shiga irin wannan gasa ya ga likita, ya faɗi duk abin da ya sani game da jininsa, in kuma jikinsa ya ce ya tsaya, ya tsaya. Wasan da muka gada abu ne mai kyau, shi ya ba ni ɗan'uwa a inda ba ni da kowa. Amma yana da nauyi a kan namiji, don akwai wanda zai gwammace ya faɗi a hanya da a ce abokin wasansa ya ci shi. Idan wanda kuka saba tsokanar juna ya ajiye wasa ya kira ka da sunanka na gaskiya, ka ajiye naka kai ma, ka saurare shi. Ni sau ɗaya ya kira ni da shi cikin shekara goma sha huɗu, kuma ban amsa ba.