Safiyar da Aka Watsa Mini Alkama

Shekarun da nake tallar ruwa a Jidda, akwai wani gida a unguwar Ruwais da nake kai wa garwa biyu kowace safiya. Turawa ne 'yan Yugoslabiya, maigidan yana aiki a tashar jiragen ruwa. A lokacin matata tana da tsohon ciki, kuma biyun da ta haifa a baya ba wanda ya zo da rai. Kullum gabana a faɗe yake.

Wata safiya cikin sanyin Janairu na tura ƙofar da ƙafa kamar kullum. Kafin in sauke sanda sai uwargidan ta watsa mini alkama a ka. Innalillahi! Na duba ƙasa, an baza ciyawa har ƙarƙashin tebur, ga wani gungume yana ci da wuta a tsakar gida. Maigidan ya ja hannuna, ya damƙa mini reshe, ya sa na doki gungumen. Tartsatsi ya tashi, suka ɗauki waƙa da yarensu. Aka lulluɓa mini bargo, aka tura mini gurasa da zuma a hannu. Ni dai ayatul kursiyyu nake ja, tana kakkarye mini a baki.

Kukunsu, wani Bahaushen Sudan, dariya har da riƙe ciki.

"Ya akhi, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Bikinsu ne na tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke fara tsawo. Wanda ya fara shigowa yau, shi ya kawo wa gida sa'ar shekara."

Sa'ar wa? Tawa! 'Yar sa'ar da nake tattala wa matata, ita na zo na sauke a gidan wasu. Na bar garwar nan na zura da gudu sai gidana a unguwar Karantina.

Na tarar naƙuda ta tashi. Azahar ta wuce, shiru. La'asar ta yi, surukata ta leƙo, fuskarta kaɗai ta ishe ni. Wallahi ban san lokacin da na koma Ruwais ba. Na tsaya bakin ƙofarsu ina ihu kamar mahaukaci: "Ku maido mini abina! Matata za ta mutu!"

Wannan karon kuku bai yi dariya ba, ya fassara. Uwargidan ta dube ni, ta shige ciki, ta fito da wata baƙar jaka. Ashe ungozoma ce a asibitin ƙasarsu.

"Yalla, mu je," ta ce.

Da muka isa, surukata ta so ta tare ƙofa, matar ta ratsa ta gefenta ta shige. Na tsuguna a jikin langalangar ɗakin, ina jin nishin matata yana ƙara yin ƙasa. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na kifa kai a gwiwa, na fara tunanin inda zan samo likkafani.

Sai surukata ta ɗaga labule.

"Ta sauka lafiya. Tashi ka yi wa 'yarka kiran salla a kunne," ta ce. "Wannan tana numfashi."